Kasuwar ƴan wasa: ciniki a bakinmu, riba a aljihun wasu



A ƙarshen watan Mayu na kowace shekara ake rufe manyan gasannin ƙwallon ƙafa na Turai, daidai lokacin da manomin Arewa yake ɗaga kai yana duban hadari. Mai hankali zai yi zaton gardamar ƙwallo ita ma ta tafi hutu ke nan. Ina! A sannan ma take tsananta. Daga fadojin matasan Dogonduci har zuwa rumfunan Tibiri, Matankari, Kore Mairuwa da Dumega, da an ɗora butar shayi sai a buɗe kasuwa: wane zai koma Madrid, wane an yi masa tayin miliyan kaza, wane ya ƙi sabunta kwantaragi domin yana son ya tafi a kyauta. Ɗan kabo-kabon da bai haɗa jika biyu ba tun safe, shi ne zai rantse maka cewa miliyan tamanin na kuɗin yuro sun yi kaɗan ga ɗan wasan da yake so. Ba ina yi musu dariya ba ne, don ma'aikatan gwamnati ma ba su tsira ba. Wanda ya taɓa zama cikin malaman makaranta a watan Satumba, lokacin da ake jiran takardar canjin wurin aiki, ya san yadda ake naɗa mutum a cire shi sau uku kafin la'asar.

Wannan al'ada ta cinikin baki tana da tarihi, kuma ba a ƙwallon ƙafa ta soma ba. A Amurka akwai wasan da suke kira besbol, wanda ake jefa ƴar ƙwallo a doke ta da kulki. Suna buga shi daga bazararsu zuwa watan Oktoba, daga nan sai sanyi ya rufe filaye. Tun fiye da shekara ɗari da suka wuce, masoya wasan kan taru a bakin murhu cikin kantunan ƙauye suna jin ɗumi suna lissafin wanda za a sayar da wanda za a musanya, har aka laƙaba wa lokacin suna, wai gasar bakin murhu. Bambancinsu da mu ɗaya ne: su itace suke turawa, mu gawayi muke fifitawa.

To amma a wancan zamani ɗan wasa ba ya da ta cewa a cikin cinikin. Tun daga 1879 masu ƙungiyoyin besbol suka ƙulla wata ƙa'ida da ta ɗaure ɗan wasa ga ƙungiyarsa muddin tana son shi, ko da kwantaraginsa ya ƙare. A watan Oktoba na 1969 ƙungiyar garin Sen Luwi ta yi musayar wani baƙar fata mai suna Curt Flood, wanda ya yi mata aiki shekara 12, ta tura shi Filadelfiya ba tare da ta nemi ra'ayinsa ba. Flood ya ƙi tafiya. Ya rubuta wa shugaban wasan takarda yana cewa shi mutum ne, ba kaya ba da za a saye a sayar. Magana ta kai kotun ƙoli ta Amurka, kuma a 1972 aka kayar da shi, bayan ya riga ya yi hasarar aikinsa. Sai a watan Disamba na 1975 wani mai sasantawa, Peter Seitz, ya yanke hukunci a kan batun ƴan wasa biyu, Andy Messersmith da Dave McNally, cewa sun zama masu ƴancin kansu. Shekara ɗaya bayan haka aka daidaita a kan cewa wanda ya cika shekara shida a babbar gasa yana da damar ya kai kansa kasuwa, ya zaɓi wanda ya fi taya shi.

Ƙwallon ƙafa ta yi shekara ashirin kafin ta kamo wannan sawu. Jean-Marc Bosman ɗan ƙasar Beljiyam ne, ba wani shahararre ba. Kwantaraginsa da ƙungiyar Liyej ya ƙare a 1990, ya samu wuri a Dunkerque ta Faransa, amma ƙungiyarsa ta nemi kuɗi, ciniki ya lalace, aka kuma zabge masa albashi. Ya kai ƙara, kuma ranar 15 ga Disamba 1995 kotun Tarayyar Turai da ke Lugzambur ta ba shi gaskiya: ɗan wasan da kwantaraginsa ya ƙare yana iya komawa wata ƙasa ta Tarayyar ba tare da an biya tsohuwar ƙungiyarsa ko dala ba. Albarkacin wannan hukunci ne Messi ya bar Barselona zuwa Paris a 2021, Mbappé kuma ya bar Paris zuwa Madrid a 2024, duk a kyauta. Shi kuwa Bosman, kamar Flood, ya buɗe ƙofa ne wasu suka shige. Bai sake yin wani wasan kirki ba, ya kuma sha talauci.

Yanzu mu dawo ga jita-jita, tun da ita ce abincin majalisa. Ban san misalin da ya fi na ranar 8 ga Disamba 2023 ba. Shohei Ohtani, ɗan Japan, gwanin jifa kuma gwanin duka, ya gama shekarunsa shida da ƙungiyar Angels ya shiga kasuwa. Sai wani ɗan jarida ya ba da labarin cewa yana kan hanyarsa ta zuwa Toronto, a ƙasar Kanada. Nan da nan dubban mutane suka hau intanet suna bin sawun wani ƙaramin jirgin sama da ya taso daga Kaliforniya, suna ƙidayar mintocin da suka rage masa. Da jirgi ya sauka aka buɗe ƙofa, sai ga wani attajiri ɗan Kanada, Robert Herjavec, ya fito, babu ruwansa da besbol. Ohtani yana gidansa. Washegari ya sanar da bakinsa cewa ya zaɓi Dodgers ta Los Anjeles, a kan dalar Amurka miliyan 700 cikin shekara goma. Ƴan kasuwa za su so jin sauran bayanin: miliyan biyu kawai yake karɓa a kowace shekara, sauran miliyan 680 bashi ne da za a biya shi daga 2034 zuwa 2043. Ashe ba a kasuwar Dutsi kaɗai ake ɗaukar kaya sai bayan kaka a biya ba. A watan Disamba na 2024 kuma Juan Soto ya haura shi, da miliyan 765 cikin shekara 15 a ƙungiyar Mets ta Niyok.

Irin wannan ne ya faru da maƙwabcinmu Victor Osimhen a daminar 2024. Wata uku cur ana kai shi Chelsea da safe, a maido shi Saudiyya da yamma. Aka rufe kasuwar Ingila da Italiya yana nan Napoli, sannan a farkon Satumba ya ɓullo a Galatasaray ta Turkiyya a matsayin aro, wurin da ba a cika ambata ba a lissafin masu lissafi. A 2025 Turkawan suka saye shi baki ɗaya a kan yuro miliyan 75, wato sama da miliyar 49 na kuɗinmu na sefa.

Mai karatu da ya saba da kasuwar dabbobi ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan inda jita-jitar take fitowa. Idan dillali ya raɗa maka cewa wani Alhaji daga Kamba ya riga ya taya wannan sa, ka san dalilinsa: yana son ka ƙara, domin la'adarsa ta ƙaru. Dillalin ɗan wasa ma haka yake yi, sai dai shi ɗan jarida yake raɗa wa. Ƙungiya ma takan saki labari don ta kwantar da hankalin magoya bayanta, ko ta tsorata wata. Jarida tana son a saye ta, mai shafin Facebook yana son a taru a kansa, masu cacar ƙwallo kuma suna son saurayi ya zauna da zancen a ransa har ya ciro ɗari biyar ɗinsa. A cikin wannan sarƙa kowa yana da rabo, ban da mai shan shayi.

Wannan bai dame ni ƙwarai ba, don hira ba laifi ba ce, kuma gara gardamar Madrid da Barselona da wata gardamar. Mu ma muna da tamu ta gida: kafin kowace gasar takobi, wadda aka soma a Tawa a 1975, sai ka ji ana ta lissafin wanda zai shiga cikin zaɓaɓɓun jahar Doso da wanda ake cewa wata jaha tana zawarcinsa, balle a shekarun da Issaka Issaka ya tara takubba shida. Abin da ya dame ni shi ne, a cikin waccan babbar kasuwa akwai rabon da doka ta keɓe wa irinmu, kuma ba na jin ana zancensa a kowace fada.

Ga yadda abin yake. Dokar FIFA ta ce idan aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa alhali yana da kwantaragi, ana cire kashi 5 cikin ɗari na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana cin kashi 5 cikin ɗari na wannan rabo, kowace shekara daga 16 zuwa 23 kuma kashi 10. Mu yi lissafi da ƙaramin ciniki. A ce an sayar da yaro a kan yuro miliyan ɗaya, kimanin sefa miliyan 656 ke nan. Rabon masu reno ya kama kusan miliyan 33. Ƙungiyar da ta riƙe shi shekaru huɗun farko kaɗai tana da kashi ɗaya cikin biyar, wato fiye da miliyan shida da rabi. Kuma duk sa'ad da aka sake sayar da shi zuwa wata ƙasa, rabon yana sake fitowa, har ya daina wasa. Tun watan Nuwamba na 2022 FIFA ta buɗe wani ofishi a Paris wanda aikinsa shi ne ya karɓi waɗannan kuɗaɗe ya isar da su ga masu su.

Kada a ce wannan zancen wasu ne. Moussa Maazou ya tashi daga ƙungiyar sojoji ta AS FAN a Yamai, ya je Lokeren ta Beljiyam a 2008, CSKA ta Mosko ta saye shi a 2009, sannan ya buga wa Monako da Bordo a matsayin aro. Hanyar a buɗe take ga ɗan Nijar, kuma ƙafar ɗan Arewa ba ta fi ta ɗan Yamai gajarta ba.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma a nan ne gizo yake saƙa. Kuɗin ba ya bin wanda ya ce shi ya koya wa yaro ƙwallo. Yana bin takarda. Dole ƙungiya ta kasance tana da rajista a hukumar FENIFOOT, yaron kuma yana da lasin da sunanta a kowace shekara, domin daga wannan ne ake gina takardar tarihin ɗan wasa da FIFA take dubawa. Malamin da ya shekara biyar yana tara yara a filin makaranta, yana sayen ƙwallo da albashinsa, yana ɗinke ta idan ta fashe, in babu lasin to a idon doka bai reni kowa ba. Ranar da yaron ya shiga wata ƙungiya a Yamai aka yi masa lasin na farko, daga ranar tarihinsa ya fara. Kuma a nan takardar haihuwa take shigowa, tun da rabon da shekaru ake auna shi. Wanda aka rage wa shekaru huɗu don ya shiga gasar yara, an share shekaru huɗu ke nan daga haƙƙin wanda ya fara renonsa.

Akwai kuma wani abin da masu tafa wa tafiya a kyauta ba su lura da shi ba. Kashi 5 cikin ɗari na sifiri, sifiri ne. Idan babban ɗan wasa ya jira kwantaraginsa ya ƙare ya tafi, kuɗin da da za a biya ƙungiya sai ya koma aljihunsa da na dillalinsa, ƙaramar ƙungiyar da ta rene shi kuwa ba ta samun komi daga wannan rabo. Ƴancin da Flood da Bosman suka sha wuya a kansa gaskiya ne, ba ni musun sa, amma a wannan gefe ƙananan ƙungiyoyi ne suke biyan kuɗinsa.

Saura maganar iyaye, wadda ita ce mafi nauyi. Miliyoyin da ake ambata a fada suna shiga kunnen yaro, daga nan su shiga kunnen mahaifinsa, kuma akwai masu jiran wannan lokaci. Mutum zai zo da jaka da takarda mai tambarin wata ƙungiyar Turai, ya ce ya ga yaro yana da ƙafa, a kawo kuɗin biza da na jirgi. Sai a sayar da shanun huɗa, ko a jinginar da gona a cikin dallol. Abin ya yi yawa a Afirka har wani tsohon ɗan wasan Kamaru, Jean-Claude Mbvoumin, ya kafa ƙungiyar Foot Solidaire a Faransa a shekara ta 2000 don taimakon yaran da aka yasar a titunan Turai. Alhali tambaya biyu sun isa su tona asirin mai jaka. Ta farko shekarun yaro: tun 2001 dokar FIFA ta hana kai ɗan wasan da bai cika 18 ba wata ƙasa, in ban da ƴan dalilai ƙalilan, kamar idan iyayensa sun ƙaura can saboda wani abin da ba ƙwallo ba. Wanda ya yi alkawarin kai ɗan shekara 15 daga Tibiri zuwa ƙungiya a Ispaniya, ko bai san dokar ba, ko yana fatan kai ba ka san ta ba. Ta biyu lasin nasa: tun 2023 FIFA ta maido da jarrabawa ga dillalan ƴan wasa, kuma sunayen masu lasin suna nan a shafinta, duk ma'aikacin da ke da salula yana iya dubawa cikin minti biyar. A bisa al'ada ma, ƙungiyar da take son ganin yaro da gaske ita take aiko da takardar gayyata, ita kuma take ɗaukar nauyin tafiya.

Ga attajiranmu da suka saba ba da kofi da riguna a gasar hutun makaranta, Allah ya saka. Amma da mutum biyu ko uku a Dutsi, da irinsu a Tibiri, za su haɗa kai su ɗauki nauyin rajistar ƙungiyar yara guda ɗaya, su biya lasin a kowace shekara, su samu magatakarda mai riƙe littafi da takardun haihuwa, da sun yi abin da ya fi kofi daɗewa. Masu kula da matasa da wasanni a gundumomin biyu su ne ya kamata su kira wannan zama, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an kai amfanin gona gida, kafin samari su watse zuwa cin rani.