Ra'ayinmu: Buhun Dawa da Gumin Yaro

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya ratsa ƙauyukan ƙasar Zuru da damina ya ga abin da muka gani: yaro ɗan shekara goma goye da tankin feshin maganin ciyawa, ba takalmi, ba abin rufe hanci, alhali a wannan lokaci sa'o'insa suna cikin aji. Da kaka kuwa shi ne mai korar tsuntsaye daga asuba har almuru, ladansa kwanon hatsi.

Kada a ce muna sukar al'ada. Ɗa ya bi mahaifinsa gona ran Asabar tarbiyya ce, kuma golmo, wanda Dakarkari suke alfahari da shi, aikin samari ne masu neman aure. Ƙwadagon ƙananan yara a gonar wani daban ne, ya kuma ƙaru tun da 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba, iyaye suka rasa gonakinsu.

Doka ba ta yi shiru ba. Nijeriya ta amince da Yarjejeniya ta 182 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 2002, ta kafa Dokar Haƙƙin Yara a 2003. Amma wane sufeto ne ya taɓa taka kunya?

Don haka muke juyawa ga kamfanonin da dawa da masara da shinkafar nan suke ƙarewa a rumbunansu. Hujjarsu kullum ita ce daga hannun dillali suka saya, ba su san gonar ba. To, mai iya auna danshin hatsi buhu-buhu ba zai kasa sanin wanda ya nome shi ba. Su rubuta sunan kowane manomi, wakilinsu ya je gona ba sanarwa. Sai dai wannan kaɗai bai isa ba. Masu cakulan na Amurka sun sa hannu kan irin wannan alkawari a 2001, amma bayan shekara ashirin ana ta samun yara a gonakin koko na Gana da Kwaddibuwa.

Manomi yana ɗaukar yaro ne saboda aljihunsa wayam yake a tsakiyar damina, ladan babban mutum kuwa ya fi ƙarfinsa. Kamfani ya yanke masa farashi tun kafin shuka, ya ba shi wani kaso lokacin noman farko, da sharaɗin manya ne za su yi feshi. In an tarar da yaro a gona kada a yar da manomin, domin gobe yaron gonar maƙwabci zai koma. A mai da shi aji, kamfani ya ɗauki nauyin littattafansa.

Ɗaliban Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru sun san hanyoyin ƙauyukan nan, sun kuma ji harshen mutanensu. A ba su wannan aikin zagaye lokacin hutu.