Tsohuwar Mujadala Ko Sabuwa?

Gardamar da ta ƙi ƙarewa a tsakar gidajenmu ita ce ta fim ɗin Mujadala, wanda Ali Nuhu ya yi a 2000, ya sake shi da sababbin 'yan wasa a 2018. Iyaye mata suna cewa tsohuwar zuma da ita ake magani. 'Yammata kuwa suna cewa sabon ya fi kyan hoto da daɗin sauti.

Kowa da gaskiyarta, amma mu duba tushe. A da, matar aure ba ta taka silimar Plaza ta Fagge ko El Dorado ta Sabon Gari. Kaset ɗin bidiyo shi ya kawo mana fim har ɗaka. Yaro ya sayo a shagunan Bata, sai ga gyara a gabansa: tallan finafinai masu zuwa da gutsuren waƙoƙinsu. Maƙwabta su taru, a yi tsokaci, uwa ta san abin da 'yarta ta gani.

Yau wannan gyarar ta koma waya, yarinya tana kallo ita kaɗai. Hukumar Tace Finafinai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, ba za ta shiga ɗakinta ba.

Ashe ba waƙar kawai muke kewa ba, har da zaman. Uwargida, tsoho ko sabo, zauna ku kalla tare, ki ji ra'ayinta.