Babur a burtali: a shata masa hanya tun kafin na kuran ya iso

Ƴan uwa ƴan kasuwa, da ku iyayenmu mata masu kasa kaya a kasuwannin Ƙonni da Malbaza da Illela. Mu da muke wuni gaban makirfo, idan muka buɗe layi ga masu saurare, koke biyu ne suka fi yawa. Manomi ko makiyayi ya kira ya ce babura da motocin kat-kat sun mai da burtali da filin kiwo kamar gudron. Bai gama ajiye waya ba ɗan kabu-kabu zai kira ya ce daji na Allah ne, a bar kowa ya bi inda ya ga sauƙi. Mun ga ya dace mu kawo maganar nan gabanku, domin kayan da ake ɗauka bisa baburan nan naku ne, kuɗin dakon ma daga aljihunku yake fita.

Mu fara da faɗin gaskiya: babur ya yi mana rana. Matar da a da take tashi da asuba ta bi jaki da tumatir, yau tana isa kasuwa kafin rana ta taɓa kayanta. Lokacin da Najeriya ta rufe iyaka a watan Agusta na 2019, da kuma lokacin da aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris na 2024, kowa ya san ta ina hatsi da esansi suka riƙa ratsowa tsakanin Ƙonni da Illelar Najeriya. Ba za mu yi munafunci a kan wannan ba. Saboda haka duk mai cewa a hana babur shiga daji baki ɗaya, ba mu tare da shi. Ƴan uwanmu na Diffa sun ɗanɗana hanin babur tun 2015, na Tillaberi a 2020, don matsalar tsaro, kuma ƙananan ƴan kasuwa sun ji a jikinsu.

To amma iyaka ta buɗe, hanyoyin da aka ɓalla cikin daji ba su rufe ba. Ga yadda abin yake faruwa. Babur ɗaya ya yanke ta cikin fili, gobe goma su bi sawunsa, jibi mai ƙafa uku ya biyo da buhunan albasa. Taya ta danne ƙasa, ciyawa ta daina fita. Damina na sauka, ruwa ya sami hanyar da aka share masa, sawun taya ya zama rami, rami ya zama kwazazzabo. Direba ya ga wurin ya ɓaci, sai ya kauce gefe ya buɗe sabuwa. Haka fili ɗaya yake tashi da hanyoyi barkatai, kuma ba wanda zai ce shi ya yi.

Abin da ya fi yi mana zafi shi ne ƙasar Illela. Wanda bai san tarihin ba zai ɗauka itatuwa da gonakin da yake gani a kan fakon Badagishiri haka Allah ya saukar da su. A'a. Bayan yunwar 1984, a ƙarshen shekarun 1980, manoman Illela sun je Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a zuba taki don su tare ruwa, suka dawo gida suka kama aikin tassa da rabin wata da jeren duwatsu. Mata ne suka ɗauki duwatsun nan a kai, cikin ranar bazara. Fakon da ko akuya ba ta tsayawa a kansa ya koma ba da hatsi, har aka fara saye da sayar da shi. Yanzu kat-kat ɗaya mai sauri tana rusa bakin rabin wata da mace ta wuni tana ginawa, direban bai ma san ya taka wani abu ba.

Ƙasar da ruwa ya kwashe kuma ba ɓata take yi ba. Tana gangarawa kwarin Majiya, ta kwanta cikin madatsun ruwan Mozage da Zango, waɗanda suke shayar da fiye da hekta 2,400 na noman rani a Ƙonni. Duk yashin da ya shiga, ruwa ne ya ragu. Hajiya mai sayar da kayan miya, ke za ki fara jin wannan a farashi.

Mene ne ya sa muke gaggawar maganar yanzu? Saboda wani sabon babur yana tafe, mai aiki da batir. A Kwatano da Lome kamfanin Spiro ya zuba irinsu bisa titi tun 2022, kuma abin da ya shiga kasuwannin maƙwabta ba ya daɗewa bai iso Ƙonni ba. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, kwalbar esansin ƴan ruwa-ruwa ta daina zama mai arha kamar da. Ga kuma tashar kuran ta hasken rana mai megawat 7 da aka buɗe a Malbaza a 2018. Muna maraba da duk abin da zai rage kuɗin dako. Sai dai babur ɗin nan ba ya da ƙara. A burtali mai ƙunci, da shanu gaba, da yaro ɗan kiwo, da mace ɗauke da ƙwaryar nono, ba wanda zai ji zuwansa. Ko a Amurka, da gwamnati ta buɗe wa kekunan batir filayen shaƙatawa na jama'a a 2019, an sha gardama mai yawa, kuma su a kan hanyoyin da aka riga aka shata ake maganar. Mu ko shatar ba mu yi ba.

Ba sabuwar doka muke nema ba. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda ake kira COFO. Dokar kiwo ta 2010 ta kare burtali da filin kiwo, ta hana wani ya mallake su. Abin da muke kira gare shi shi ne hukumomin gari da sarakuna da kwamitocin nan su zauna da ƙungiyoyin ƴan kabu-kabu da makiyaya da manoma, a fitar da hanya ɗaya sananniya daga kowane babban ƙauye zuwa kasuwa, a kafa mata alama, a zuba mata tsakuwa inda ruwa yake yanka. Wuraren tassa da bakin tabki da mashayar dabbobi kuwa a ce taya ba ta taka su. Daga cikin kuɗin tikitin da ake karɓa hannunku kowace ranar kasuwa ya kamata a fitar da na gyaran, kuma kuna da haƙƙin tambayar wannan.

Wasu za su ce hanyar da aka shata ta fi tsawo, dako zai ƙaru. Mai yiwuwa ya ƙaru da ɗan wani abu. Alhaji mai sayen albasar Galmi, kai ka san buhu nawa suke fashewa idan mai ƙafa uku ya kife a kwazazzabo, ka lissafa ka gani. Kuma ɗan kabu-kabu ba zai ƙi bin hanya ba idan mai kaya ta ce masa nan za a bi, in ba haka ba ta hau wani. Lokacin zaman nan shi ne rani, kafin ruwan farko ya sauka, tun ana iya ganin sawun taya a ƙasa a nuna wa juna.