Ritaya a Garki: Mota ɗaya ta isa, amma wa zai riƙe makullin?

Duk wanda ya saba bi ta bayan gidajen benen Area 1 da Area 2 da safiyar Asabar ya san irin motocin da nake nufi. Suna nan a gindin bishiyoyi, wasu an lulluɓe su da tamfol, wasu ko hakan ba su samu ba, tayoyi sun kwanta, busassun ganye sun cika gindin gilashi. Masu su ba mutuwa suka yi ba, ba kuma tafiya suka yi ba. Suna saman bene suna sauraren rediyo. Yawancinsu tsofaffin ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ne da suka cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, suka miƙa makullin ofis, amma suka kasa rabuwa da makullin mota ta biyu.

Kawuna yana cikinsu. Ya yi ritaya, bayan shekara biyu matarsa, wadda muke kira Hajiya, ita ma ta biyo shi. Shi yana da jif babba da ya saya gab da barin aiki, ita kuma tana da 'yar ƙaramar Corolla da ta daɗe tana kai ta ofis. 'Ya'ya sun watse, wani a Kaduna, wata a gidan aure a Zariya. Gida ya koma na mutum biyu da mota biyu, fansho kuma bai san da wannan lissafi ba. Da na je gaishe su bayan Sallah, na tarar maganar ta kai inda kowa ya yi shiru ya zuba wa talabijin ido.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne: ma'auratan da dukansu suka yi ritaya kuma suke zaune a Garki, mota ɗaya ta ishe su. Sai dai na lura cewa idan aka kai ga wannan matsaya a gidajenmu, akan yi gaggawar yanke hukunci na biyu ba tare da an tattauna shi ba, kuma a nan ne ake yin zalunci.

Ya kamata mu tuna yadda mota biyu ta shigo gidan ma'aikaci a Abuja, domin ba fariya ce ta kawo ta ba. A 2003 gwamnatin Obasanjo ta fito da tsarin mayar da alawus-alawus zuwa kuɗi, aka janye motocin ofis da direbobi daga mafi yawan jami'ai. A 2005 aka shiga sayar da gidajen gwamnati, lokacin Malam Nasir El-Rufa'i yana Ministan Birnin Tarayya, kuma da yawa daga masu zama a Garki a yau a lokacin suka mallaki gidajen da suke ciki. A 2006 aka haramta acaɓa a tsakiyar birni, a 2013 aka kori ƙananan motocin bas, daga baya aka taƙaita zirga-zirgar Keke Napep a manyan tituna. Miji yana Sakatariyar Tarayya, mata tana wata ma'aikata a Wuse ko Maitama, yara suna makaranta a wani gefen, kuma kowa ana jiransa ƙarfe takwas. A irin wannan hali mota ta biyu kayan aiki ce, kamar fartanya ga manomi. Ranar da aka daina jiran mutum ƙarfe takwas, dalilin da ya kawo ta ya tafi, ita ce dai ta rage a tsakar gida.

Sai kuma lissafi, wanda masu karatun wannan shafi sun fi ni saninsa. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a Dandalin Eagle, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a gidajen man gwamnati. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a Abuja. Ko da farashin ya riƙa hawa da sauka bayan nan, bai koma kusa da inda ya baro ba. Tankin lita 50 da ake cikawa da ƙasa da naira 10,000 ya koma cin kusan naira 50,000 a ƙarshen 2024. Inshorar nan mafi ƙanƙanta da doka ta wajabta ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023. Darajar naira ta faɗi daga wajen 460 a kan dala zuwa sama da 1,500 cikin 2024, kuma babu taya ko batir ko kayan gyara a Apo da bai ji a jikinsa ba.

A ɗaya gefen kuma ga fansho. Wanda ya yi ritaya a ƙarƙashin tsarin karo-karo da aka kafa a 2004, aka yi masa kwaskwarima a 2014, abin da aka tara masa ne ake gutsuro masa wata-wata, kuma kowa ya san tazarar da ke tsakaninsa da albashin ƙarshe. Ga jira kafin a fara biya. Ba don bashin ya taru ba, da Majalisar Zartarwa ba ta amince a watan Fabrairun 2025 da neman naira biliyan 758 domin biyan haƙƙoƙin 'yan fansho ba. Mutumin da kuɗin shigarsa suka tsaya cik, alhali magungunan hawan jini da na suga suna ƙara tsada, bai kamata ya riƙa ciyar da baƙin ƙarfe biyu ba.

Kawu ya ce mini, "Ai ɗana, wadda ba a hawa ba ta shan mai." Gaskiya ne, amma tana cin wasu abubuwan. Motar da aka ajiye batirinta yakan mutu, tayoyinta su tsattsage, birki ya yi tsatsa, robobi su bushe a zafin Maris, ɓeraye su samu masauki su ci wayoyi. Takardunta kuma suna ƙarewa duk shekara ko ta motsa ko ba ta motsa ba. Akwai masu cewa a wannan zamani mota kadara ce, tunda wanda ya saya a 2020 zai sayar yau da ninkin kuɗinsa. Adadin ne ya ƙaru, buhunan shinkafar da kuɗin za su saya ba su ƙaru ba, kuma kowace damina da ta wuce a kan motar tana rage abin da dillali zai taya.

Garki kuma ta bambanta da sauran wurare, kuma wannan shi ne ƙashin bayan hujjata. Tana cikin unguwannin da aka fara ginawa bisa taswirar birnin ta 1979, wadda ta tanadi kowace unguwa da makarantarta da shagunanta da wurin ibadarta a kusa da gidaje. Shi ya sa mazaunin Area 1 yake iya takawa zuwa masallaci da kantuna, Asibitin Garki yana Area 8, Kasuwar Garki tana nan kusa, Babban Asibitin Ƙasa kuma tafiyar 'yan mintuna ce. Wanda ke Lugbe ko Kubwa ko Karshi ko Mararaba ba ya cikin wannan ni'ima, kuma ba da shi nake ba. Tsohon ma'aikacin da ya mallaki gida a Garki ya riga ya sayi kusanci tun 2005, bai kamata ya sake biyan kuɗin nisa ba.

To, a ce an yarda mota ɗaya za a bari. Wacce za a sayar?

A mafi yawan gidajen da na sani, amsar takan zo tun kafin a yi tambayar: ta uwargida. Ita ce ƙarama, ita ce ta fi tsufa, ita ce ba a zuwa ɗaurin aure da ita. Sai a kira dillali, a karɓi kuɗi, a zuba su cikin hidimar gida, makullin babbar mota kuma ya ci gaba da kwana a aljihun maigida. Daga ranar, matar da ta shafe shekara talatin tana tuƙa kanta ofis, wataƙila har ta kai mataimakiyar darakta, ta koma mai jiran Alhaji ya dawo daga majalisa kafin ta je Islamiyya ko dubiya ko gaisuwar rasuwa. A takarda gidan ya rage kashe kuɗi, amma mutum ɗaya ne ya biya farashin, kuma ba da kuɗi ya biya ba.

Akwai batun haƙƙi a nan da ba na son a tsallake shi. A shari'ar Musulunci dukiyar mace tata ce, aure bai mayar da ita ta miji ba. Motar da Hajiya ta saya da albashinta da bashin ƙungiyar ma'aikata ba kayan gida ba ce da za a ɗaga a kai kasuwa don maigida ya ga dama. Idan ta yarda a sayar, kuɗin nata ne, sai abin da ta bayar da daɗin rai. Na kan yi mamakin yadda mutanen da suka san ƙa'idar aiki ciki da waje, waɗanda ba za su taɓa sa hannu a sayar da kujerar ofis ba tare da takarda ba, suke manta wannan a cikin gidajensu.

Ko an ajiye haƙƙi a gefe, hankali ma ya nuna ƙaramar motar ce ta cancanci zama. Ta fi sauƙin mai, kayan gyaranta suna ko'ina, kowane bakanike ya san ta, babbar kuma ita ce za ta kawo kuɗi mai kauri idan an sayar. Sama da duka, motar da za a bari dole ta zama wadda su biyun za su iya tuƙawa. A aurenmu galibi miji ya girmi mata da shekaru, don haka shi ne idonsa zai fara gajiya da fitilun dare, shi ne gwiwarsa za ta fara ƙin taka birki. Ranar da ciwo ya taso ƙarfe biyun dare, 'ya'ya suna Kaduna da Zariya, wadda za ta riƙe sitiyari zuwa Area 8 ita ce matar da aka hana tuƙi shekara biyar har hannunta ya manta. Gidan da ya bar motar da mutum ɗaya kaɗai ke iya tuƙawa, a wannan daren ba shi da mota ko ɗaya.

Ba zan ce babu abin dubawa a ɗaya ɓangaren ba. Sufurin jama'a a Abuja abin kunya ne ga birnin da aka zana tun daga tushe. Jirgin ƙasan cikin gari da aka buɗe a 2018, ya tsaya a 2020, aka sake tayar da shi a watan Mayun 2024, yana zuwa Idu da Kubwa da filin jirgin sama, amma ba ya kai kowa Kasuwar Garki. Tsoron 'yan fashin da ke sojan gona da motocin haya kuwa ba almara ba ne, kuma ba zan shawarci dattijuwa ta tsaya bakin titi tana tare kowace mota ba. Amma maganin wannan bai kai ga riƙe mota guda ba. Ana iya kiran Bolt ko Uber, ko kuma, abin da ya fi dacewa da iyayenmu, a samu direban tasi amintacce guda ɗaya da aka san gidansu, a riƙa yi masa waya. Abin da ake kashewa a takardu da inshora da gyaran mota ta biyu, idan aka ware shi a ambulan daban, zai biya tafiye-tafiye masu yawa. Sharaɗin kawai shi ne ambulan ɗin ya zauna a hannun wanda aka sayar da motarsa.

Tafiya gida ma akan kawo ta hujja, wai babbar mota ce ke iya hanyar Katsina ko Sakkwato. Sau nawa ake zuwa a shekara? Kuma mutum mai shekara 65 ya dace ya riƙe sitiyari awa bakwai ko takwas a kan hanya? Ga jirgin ƙasa daga Idu zuwa Rigasa tun 2016, ga shata. Inda nake ɗaga ƙafa shi ne idan ɗayansu yana da gona a Gwagwalada ko Keffi da yake zuwa kullum, ko uwargida tana da shago, ko kuma gida biyu ne a unguwa biyu. Waɗannan ba su yi ritaya ba tukuna, aiki suka canja.

Hujjar da ba a furtawa ita ce ta fi ƙarfi: me mutane za su ce? Darakta guda ya sauko daga jif ya shiga Corolla, ai za a ce ta ƙare masa. Na fahimci wannan ciwo, ban kuma raina shi ba, domin mutumin da aka daina buɗe wa ƙofa, wayarsa ta daina ƙara, motar nan ce shaidar ƙarshe da ta rage cewa ya taɓa zama wani. Sai dai abokan da ake jin kunyarsu su ma nasu motocin suna ƙarƙashin tamfol.

Abin da na roƙi Kawu da Hajiya shi ne gwaji. Kada a sayar da komai tukuna. A ajiye jif ɗin wata uku, a rataye makullin Corolla a ƙusa kusa da ƙofa inda hannun kowa zai kai, a sayi littafi ƙarami a riƙa rubuta duk ranar da su biyun suka buƙaci mota lokaci ɗaya zuwa wurare daban. Kawu ya yi dariya ya ce na mayar da gidansa rajista, amma shekara 35 ta koya masa girmama abin da aka rubuta, sai ya yarda.

Da na koma bayan wata ukun, shafin farko ma bai cika ba. Yawancin ranakun da aka yi karo Asabar ne, shi yana da ɗaurin aure, ita tana da walima, kuma duk an warware su da waya ɗaya ga direban tasi. Abin da ban yi tsammani ba shi ne wasu ranakun da Hajiya ta rubuta da hannunta a bayan littafin: ranakun da ta zo ɗaukar makulli ta tarar babu shi a ƙusa, yana aljihun rigar Alhaji, shi kuma yana barcin rana. Ta miƙa masa littafin a gabana ta ce, "Alhaji, wannan shafin ma a karanta." Ya karanta, ya cire tabarau, ya daɗe bai ce komai ba.

Har yanzu jif ɗin tana gindin bishiya, domin dillalai biyu sun taya Kawu ya ce albarka. Makullin Corolla dai na gan shi a ƙusa.