Takardar saki ba ta goge suna daga takardar gida

A Katsina, mace kan sayar da gwal ɗinta, ta haɗa da kuɗin adashe ko gadon mahaifinta, a kafa bulo a Sabuwar Unguwa. Ranar da aure ya mutu sai a ce ta kwashe kayan ɗakinta. Ni a wurina wannan zalunci ne, domin a fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke bi, dukiyar mace tata ce, saki ba ya taɓa ta. In sunanta na kan takardar mallaka, miji ba shi da ikon cire shi don ya fusata. Sai a kira masu ƙiyasta gida, a biya ta rabonta, ta sa hannu da yardarta gaban shaidu, sannan a nemi amincewar gwamna kamar yadda Dokar Filaye ta 1978 ta tanada. Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce wadda kunya ta hana ta neman a rubuta komai. Alƙali zai nemi hujja, ga shi mai unguwa sunan miji kaɗai ya sa wa hatimi.