Waiwaye: Abin da Filadelfiya Ta Yanke a 2013

A watan Maris na 2013 hukumar da ke riƙe da makarantun gwamnati a birnin Filadelfiya, cikin jihar Pensilbaniya ta Amurka, ta yanke shawarar rufe makarantu 23. A ƙarshen Mayu ta amince da kasafin kuɗi mai giɓin dala miliyan 304. Da Yuni ya kama, ma'aikata kusan 3,800 suka karɓi takardar sallama.

Tushen matsalar ya girmi wannan shekara. A Amurka babban kaso na kuɗin makaranta daga harajin gidaje da filaye na yankin yake fitowa, don haka unguwar masu hali tana da makaranta mai hali, ta talaka kuwa sai ta zura wa jiha ido. Filadelfiya ta fi kowa shiga tsaka mai wuya, domin hukumar makarantunta ba ta da ikon sanya haraji da kanta, kuma a lokacin ragamarta tana hannun jiha, wadda ta karɓe ta tun 2001. Da tallafin da gwamnatin tarayya ta bayar bayan karyewar tattalin arziki na 2008 ya ƙare a 2011, gwamnatin jihar ƙarƙashin gwamna Tom Corbett ba ta cike gurbinsa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne waɗanda aka zaɓa a kora. An taɓa malaman aji, amma wuƙar ta fi cin waɗanda ake ɗauka ƙari ne kawai: masu ba ɗalibai shawara, mataimakan shugabannin makaranta, sakatarori, masu lura da yara lokacin cin abinci, masu kula da ɗakin karatu. Darussan kiɗa da zane da wasanni su ma aka sa su a layi. A takarda hujjar tana da kyau, tunda lissafi da karatu suna nan. Sai dai ɗan mai kuɗi yana da littattafai a gida, yana da likita, yana da wanda zai nuna masa yadda ake neman jami'a. Ɗan talaka a makaranta kaɗai yake samun waɗannan. Duk wanda zai rage kasafin ilimi, a ko'ina yake, ya kamata ya fara tambayar wane yaro ne ba shi da wata madafa idan aka cire abin.

Don nuna adawa da rage kasafin, ɗaliban Filadelfiya sun fice daga azuzuwa sun yi tattaki zuwa ofishin magajin gari. Wasu iyaye da ma'aikata sun yi yajin cin abinci. Sai da magajin gari Michael Nutter ya yi alkawarin samo dala miliyan 50 sannan shugaban makarantun, William Hite, ya yarda a buɗe su a Satumba. A cikin watan ne wata yarinya 'yar shekara 12 mai ciwon asma ta kamu da rashin lafiya a makarantar da babu ma'aikaciyar jinya a ranar, ta rasu bayan ta koma gida. Makonni kaɗan bayan haka gwamna ya saki dala miliyan 45 da ya daɗe yana riƙe da su. Kuɗin dama suna nan.

A 2014 wasu hukumomin makarantu da iyaye suka maka jihar a kotu kan yadda take rabon kuɗin makarantu. Shari'ar ta ja har Fabrairun 2023, lokacin da alƙaliya Renée Cohn Jubelirer ta yanke hukunci cewa tsarin rabon kuɗin ya saɓa wa kundin tsarin mulkin jihar, domin yana tauye yaran yankunan talakawa. A 2024 majalisar jihar ta ƙiyasta giɓin da ke wuyanta a kan dala biliyan 4.5, ta kuma fara biya da kusan rabin biliyan a kasafin shekarar.