In za ka Bur Sudan a wannan kaka, ka ƙara kwana ɗaya saboda Sawakin

Damina ta fara ja da baya a Khartum da Umdurman, kuma a irin wannan lokaci, daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, hankalin mutane kan koma gabas. Zafin Bur Sudan na watannin Yuni zuwa Agusta, wanda yakan wuce digiri 40, ya fara sassautawa. Ruwan can ma ba tare da namu yake sauka ba, sai mun gama sannan su fara, daga wajen Oktoba zuwa cikin sanyi. Don haka mai neman fasfo, da mai sarin kaya, da mai niyyar umra ta jirgin ruwa, duk yanzu suke ɗaura kaya.

Shawarata ga duk Bahaushen da zai yi wannan tafiya ita ce: kada ya dawo bai taka Sawakin ba, in kuma da hali ya riƙe hannun yaro ko yarinya ɗaya daga gidansu.

Na san da yawanmu ba mu da marmarin gabar teku. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, gwamnati ta koma Bur Sudan, abin da muka sani game da garin shi ne layin takardu, da kuɗin haya mai karya ƙashin baya, da kwana a ajin makaranta. Wanda ya sha wannan, in ka ce masa ya koma yawon buɗe ido, sai ya dube ka sheƙeƙe. Yana da gaskiyarsa. Amma ni ba shan iska a bakin ruwa nake nufi ba.

Sawakin tana kudu da Bur Sudan da kimanin kilomita 60, tafiyar sa'a guda a mota. Kafin Turawan Ingila su fara gina Bur Sudan a 1905, ita ce babbar tashar wannan gaɓa, kuma ta nan alhazan yamma suke tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda. Kakanninmu da suka baro Kano da Katsina da Sakkwato da ƙafa, suna tafe suna noma suna ƙwadago shekara da shekaru don tara guzuri, idonsu a kan wannan tsibiri yake. Wasu sun tsallaka sun dawo, wasu guzuri ya ƙare suka zauna, wasu ƙasa ta rufe su a hanya. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jawo jama'a har bakin Shuɗin Nilu, inda garin Mai Wurno yake a yau kusa da Sinnar. Da aka buɗe noman auduga na Jazira a 1925, hannun mutanenmu yana ciki. Wannan duk igiya ɗaya ce, bakinta kuwa a Sawakin yake.

Me ya sa nake nacewa a kan yara? Saboda yaron da aka haifa a Umdurman yau Larabci ya fi zama a bakinsa, kuma ranar da wani ya ce masa "kai baƙo ne", ba shi da amsa sai fushi ko sunkuyar da kai. Mun ga inda irin wannan magana take kaiwa a Yulin 2022, lokacin rikicin jihar Shuɗin Nilu, da aka rasa rayuka masu yawa, har Hausawa suka fito zanga-zanga a Khartum da Kasala da Bur Sudan. Takardar jinsiyya tana da muhimmanci, ba musu. Amma wanda ya tsaya a kan tsibirin nan aka nuna masa inda kakan kakansa ya jira jirgi fiye da shekara ɗari da suka wuce, ya sami abin da ba ma'aikacin da zai karɓe masa.

Kuma wurin ba jiran mu yake ba. Gidajen Sawakin da dutsen murjani aka gina su, tun da aka yi watsi da garin suke ruftawa ɗaya bayan ɗaya. Turkawa sun gyara masallatan Hanafi da Shafi'i, amma galibin tsibirin tarin duwatsu ne. Tsofaffinmu da suka ji labarin hanya daga bakin waɗanda suka taka ta su ma suna ƙarewa. Kafin ka tashi, zauna da kaka ko wani dattijon unguwa, ka ɗauki muryarsa a waya: daga wane gari aka fito, a ina aka yada zango, wa ya tsallaka, wa ya tsaya.

Za a ce ina kuɗi, mutum bai gama gyara rufin gidansa ba? Ai ban ce a ci bashi ba. Wanda ya riga ya biya motar kilomita wajen 800 ta Atbara da Haya, kuɗin Sawakin ba shi zai karya shi ba. Mai umra ma ba shi da uzuri, tunda jirgin Jidda daga tashar Usman Digna yake tashi, a Sawakin ɗin kanta.

Abu ɗaya nake roƙo: mu je da ladabin baƙunta. Ƙasar Beja ce, su ne masu masauki. Tun da madatsar Arba'at ta fashe a Agustan 2024 ruwan sha ya ƙara wuya a Bur Sudan, kada mu yi ta facaka da shi kamar muna bakin Nilu. A sha jabanarsu, a ci kifinsu, a biya ba tare da ƙorafi ba. In ka sami Hausawan garin, ka gaishe su da Hausa, ka bar yaron ya ji da kunnensa.

Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, ya zaunar da ƙasarmu.